Babi na Shida: Digirin Kasuwanci Daga Bakin Kanal

Digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, karatu ne da aka tsara don mutumin da ya riga ya shiga harka, yana riƙe da dukiyar kansa ko ta wani, yana kuma son ya san ƙa'idar abin da yake yi da ka. A Jami'ar Harvard ta Amurka aka fara bayar da shi a 1908. Shekara ɗari da ɗoriya bayan nan, ga shi ana tallarsa a wayar hannu, har ya iso ga manajan injin casar shinkafa a Kura da malamin gona a Bunkure, tare da alkawarin cewa ba sai sun bar wurin aiki ba.

Dalilin da ya sa wannan talla ke samun masu saurare a yankin yana komawa ga ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin gwamna Audu Bako, ruwan kogin Kano ke gangarowa ta babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure ba tare da an tura shi da inji ba. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000, ko da yake ba duka aka gyara ba, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Ƙasar da ake noma sau biyu ko uku a shekara ba manoma kaɗai take haifarwa ba. Tana haifar da masu injin casa, da mata masu turara shinkafa, da dilolin taki da maganin feshi, da 'yan kwamisho a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, da masu manyan motocin da ke ɗaukar kwanduna zuwa Legas, da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A cikinsu akwai masu digiri da masu babbar difloma da yawa, 'ya'yan manoman farko da aka yanka wa filoti. Suna juya miliyoyi, amma barin harka na wata goma sha takwas don a koma aji abu ne da ba zai yiwu musu ba.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Malaman makaranta da akawuna na zamanin Turawa sun ci jarrabawar Jami'ar Landan ta hanyar wasiƙa, darasi ya zo ta gidan waya, amsa ta koma ta gidan waya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta horar da dubban malaman firamare a kan wannan tsari tun daga 1976. Abin da ya canza shi ne saurin isar darasi, da kuma yawan masu sayar da shi, wanda ya sa tantance na gari ya zama aiki.

Tambayar farko ba ta kuɗi ba ce, ta irin takardar ce. Abubuwa uku ake cakuɗawa a baki. Akwai PGD, wato diflomar da ake yi bayan digiri, wadda gada ce: mai babbar difloma, ko wanda ya karanta wani fanni dabam kamar aikin gona ko injiniya, ko wanda sakamakonsa na digiri ya yi ƙasa, galibi sai ya bi ta kanta kafin a karɓe shi. Akwai MBA, digirin ƙwarewar aiki. Sannan akwai MSc, digirin bincike. Bambancin na biyu da na uku ya sha jefa mutane cikin nadama, domin jami'o'in Nijeriya da yawa ba sa ɗaukar mai MBA kai tsaye zuwa digirin digirgir, kuma ba sa ɗaukarsa daidai da mai MSc wajen aikin koyarwa. Wanda burinsa ya zama malami a jami'ar Wudil ko a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, MSc ce hanyarsa. Wanda ke neman kujerar manaja, ko yake son ya gyara kamfanin gidansu, MBA ta fi dacewa da shi. Kowacce aka zaɓa, jami'o'in gida suna neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, da takardar bautar ƙasa ko shaidar an yafe ta, da cikakken sakamakon karatun baya wanda tsohuwar makaranta za ta aika da kanta. Wannan na ƙarshe yakan ɗauki watanni, don haka shi ake fara bi.

Tambaya ta biyu ita ce wa ya yarda da takardar. A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke ba jami'a lasisi, ita kuma ke amincewa da kwasa-kwasanta ɗaya bayan ɗaya. Lasisin jami'a dabam, izinin koyarwa daga nesa dabam, amincewa da kwas ɗin kansa dabam. Jami'a na iya mallakar na farko ba ta da sauran. Takardar ƙasar waje kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance ta kafin a yi aiki da ita a gwamnati. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su, kuma tun daga lokacin ma'aikatu suka ƙara sa ido a kan duk takardar da ta zo daga waje. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan fage araha na iya zama asarar kuɗi da ta mutunci gaba ɗaya.

Makarantun waje suna ƙawata tallarsu da sunayen hukumomin tantancewa na duniya, musamman AACSB da AMBA da EQUIS. Waɗannan shaidar inganci ce ta gaske, kuma makarantu kaɗan ne a Afirka suka samu ko da ɗaya daga cikinsu, har da Makarantar Kasuwanci ta Legas. Sai dai ba su ne ke buɗe fayil a ofishin shugaban ma'aikata ba. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Bunkure ko na hukumar raya koguna da ke neman ƙarin girma yana buƙatar takardar da dokar aikin gwamnati ta sani, yana kuma buƙatar rubutaccen izinin tafiya karatu tun kafin ya fara, domin akan ƙi lissafa digirin da aka yi ba da sanin ofis ba. Mai injin kansa babu wanda zai tambaye shi fayil. Shi ma'auninsa abin da ya shiga kai ne.

Daga cikin makarantun gida masu sauƙin kuɗi akwai Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a mulkin Obasanjo, wanda daga baya shi kansa ya yi karatu a cikinta har zuwa digirin digirgir. Tana da cibiyoyin karatu a Kano. Tsarinta na biyan kuɗin kowane kwas da kowace jarrabawa yana ba ɗalibi damar ɗaukar abin da aljihunsa zai iya. Rauninta shi ne ɗalibi kusan shi kaɗai yake da littafinsa. Wanda ba shi da horon kai sai ya yi rajista ya ɓace. Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana bayar da MBA ta intanet, kuɗinta ya fi na NOUN, amma tana da nauyin suna wanda duk wani mai ɗaukar aiki a Arewa ya sani. Akwai kuma sababbi masu zaman kansu irin su Miva, wadda NUC ta ba lasisi a 2023, waɗanda manhajarsu ta fi santsi a waya amma tsofaffin ɗalibansu ba su yi yawan da za a auna darajar takardar a kasuwa ba tukuna.

Kada a manta cewa Kura ba ta da nisa da birni. Tafiyar kimanin kilomita talatin ce a kan titin Zariya, kuma Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote, wadda aka buɗe gininta a 2018, mai karatun da aka tsara don ma'aikata. Duk wanda ke auna digirin intanet daga wannan yanki, adalci ne ya ɗora shi a sikeli da wannan. Kuɗin mota ya yi tsada tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, amma zama aji ɗaya da manajan banki da jami'in kwastan da dilan kasuwar Dawanau wata riba ce da ba a rubuta ta a takardar shaida.

A waje, farashin ya bambanta ƙwarai. University of the People, wadda aka kafa a 2009 a Amurka, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai kuɗin tantance kowane kwas, wanda jimillarsa ta kai 'yan dubban daloli. Jami'ar Nexford tana karɓar kuɗi wata-wata, ta yadda mai sauri zai biya kaɗan, mai jinkiri ya biya da yawa. MBA ta Jami'ar Illinois da ake yi ta dandalin Coursera, wadda a Amurka ake kira mai araha, ta haura dala dubu ashirin. Kalmar araha a nan tana buƙatar a tambayi: a wane kuɗi? Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A ƙaddara karatun da kuɗinsa dala 5,000 ne. A farashin farko naira miliyan biyu da dubu ɗari uku ke nan, a na biyu miliyan bakwai da rabi, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba. Ɗalibin da ke sayar da shinkafa da naira yana biyan makaranta da dala ya shiga irin haɗarin da darasin kuɗi zai koya masa ya guje wa.

Ko a gida, abin da ke rubuce a takardar talla rabin labari ne. Akwai kuɗin fom, da na karɓar gurbi, da na jarrabawa, da na duba kundin bincike, da na yaye ɗalibai. Akwai data, wadda farashinta ya tashi bayan hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Akwai kwamfuta, domin ana iya sauraron lacca a waya amma ba a iya tsara jadawalin lissafi a cikinta yadda ya kamata. Akwai wuta: a garuruwan da injinan casa kansu ke dogaro da dizal, ɗalibi na buƙatar ƙaramar sola ko janareto. Sannan yawancin jami'o'in gida, duk da sunan intanet, a cibiya ake zana jarrabawarsu, ido da ido, wanda ke nufin tafiya Kano ko Zariya na kwanaki.

Mafi tsadar duka shi ne lokaci, kuma kalandar jami'a ba ta san kalandar ruwa ba. Oktoba da Nuwamba girbin shinkafar damina ne, lokacin da mai inji ke cika sito da shanshera kafin farashi ya tashi, lokacin kuma da ake gyaran fili don alkama da tumatir. Fabrairu da Maris tumatir ke nuna gaba ɗaya. Jarrabawar da ta faɗo a waɗannan makonni tana iya cin riba fiye da kuɗin zangon baki ɗaya. Don haka abin tambaya kafin biyan kuɗi shi ne ko makarantar tana barin a jinkirta zango ba tare da tara ba, da kuma ko ana ajiye lacca a saurara daga baya ko dole sai an halarta kai tsaye.

Sai batun ɓangaren ƙwarewa. Shekarar farko ta MBA kusan iri ɗaya ce ko'ina: akanta, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, halayyar ma'aikata. Daga nan ake rabuwa, kuma a jami'o'in gida rassan da aka fi samu uku ne, wato harkar kuɗi, da tallata haja, da kula da ma'aikata. Ɗalibai da yawa suna karkata ga na ukun don gudun lissafi. Wannan dalili ne mara ƙarfi. Kula da ma'aikata fanni ne mai amfani ga wanda ke babbar ma'aikata mai ɗaruruwan mutane da tsarin albashi da fansho, amma injin casa mai ma'aikata goma sha biyu, rabinsu 'yan uwa, ba nan matsalarsa take ba.

Harkar kuɗi ta fi kusa da ciwon yankin. A Kura kalmar kuɗin ruwa ma'ana biyu gare ta: abin da manomi ke biya don a sako masa ruwa a kanal, da abin da banki ke ɗorawa a kan bashi. Na farkon ƙarami ne, har shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya sa gyara yadda ake tara shi ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa cikin manyan ayyukansa. Na biyun shi ke karya kamfanoni. Mai injin casa yana sayen shanshera ta wata shida a cikin wata biyu, kuɗinsa ya kwanta a sito, ya sayar da gyararriya a hankali, wani lokaci bashi. A takarda yana da riba, a aljihu ba shi da na dizal. Sanin yadda ake lissafa jarin juyawa, da kuɗin ajiye buhu ɗaya na tsawon wata, da matakin da bashi ke daina zama taimako, shi ne ainihin abin da wannan reshe ke koyarwa. Tarihin baya-bayan nan ya nuna amfaninsa. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun sa an kafa injina da yawa a Kano bisa zaton farashi zai dawwama a sama. Manufar gwamnati kuwa tana juyawa, kuma wanda ya ci bashi a kan zato ɗaya tak shi ke fara jin jiki.

Ga masu ƙyamar riba saboda addini, kuma su ne mafi yawa a nan, akwai reshen da ya dace. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci, kuma tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, aka samu TAJ da Lotus a bayansa, ana neman masu wannan ilimi. Cinikin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi a kan ƙayyadadden awo da lokaci, da murabaha wajen sayen taki ko inji, abubuwa ne da malaman zaure suka karantar tun da daɗewa a babin ciniki. Wanda ya haɗa wannan da akanta ta zamani yana da abin da manajan da aka turo daga Legas ba shi da shi. Matsalar ita ce ba kowace MBA ta intanet ke da wannan reshe ba.

Reshen sarrafa kaya da jigilarsu, daga gona zuwa masana'anta zuwa kasuwa, shi ne wanda yankin ya ba da darasinsa mafi girma. A 2016 aka buɗe kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, a tsakiyar gonakin tumatir. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Ko bayan ta lafa, kamfanin ya sha tsayawa, domin idan farashi ya tashi a Kwanar Gafan manomi kasuwa yake kai kwandonsa, idan ya faɗi sai kowa ya nufo ƙofar kamfani lokaci ɗaya. Ba jari aka rasa ba, ba inji aka rasa ba; yarjejeniya da manomi, da irin da ya dace da sarrafawa, da rarraba lokacin dashe, su ne suka yi wuya. Kwandon kaba da ake jibga wa juna a bayan mota har Legas yana lalata kaso mai yawa na kayan kafin su isa, kuma sauya shi da akwatin roba lissafi ne na wa zai saya, wa zai dawo da shi fanko. Makarantun waje sun fi ba wannan reshe muhimmanci, sai dai misalansu na manyan rumbuna ne da jiragen ruwa, kuma ɗalibi ne zai yi aikin mayar da su kan hanyar Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas.

Tallata haja yana da nasa gurbin, musamman ga wanda ke son shinkafarsa ta fita da sunanta maimakon a zuba ta a buhun da ke ɗauke da sunan wani. Wannan ya ƙunshi tsince tsakuwa, da daidaita awo, da rajistar NAFDAC, da riƙe amanar dila. Amma wanda bai gyara ingancin casa ba, talla ba za ta yi masa komai ba. Akwai kuma digirin tattalin arzikin noma da kasuwancin amfanin gona da ake yi a tsangayoyin aikin gona, wanda sau da yawa ya fi MBA kusa da wannan ƙasa, ko da yake mafi yawansa a aji ake yi. Wanda abin da yake nema kawai iya riƙe littafin kuɗi ne, jarrabawar ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN, tana iya biya masa buƙata ba tare da digiri ba.

Karatun duka da Turanci ne, kuma karatu ne mai yawa: shafuka arba'in ko hamsin a mako ba abin mamaki ba ne, ga rubutun da ake bincika da manhajar gano satar fasaha. Yawancin shirye-shiryen gida suna ƙarewa da kundin bincike ƙarƙashin malami mai dubawa, kuma a nan ɗaliban nesa suka fi maƙalewa, wasu shekara guda ko fiye, saboda wuyar samun malamin. Ɗalibin Kura ko Bunkure yana da sauƙi ɗaya da na birni ba shi da shi: filin bincikensa yana ƙofar gida. Littafin sayen shanshera na kaka uku, ko rijistar biyan kuɗin ruwa ta sashe ɗaya na kanal, ko farashin kwando a Kwanar Gafan daga Janairu zuwa Afrilu, kowanne ya isa kundi, muddin mai littafin ya yarda a duba, aka kuma ɓoye sunansa. Tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kadawa, kuma Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero tana da masana da suka yi aiki a waɗannan gonaki. Kafin rajista, ana tambayar makaranta yadda take raba masu dubawa, da ko ana kare kundin ta intanet ko sai an je, da kuma wata nawa ake ɗauka tsakanin kammalawa da karɓar takardar shaida a hannu.